Yadda aka mayar da iska taki: tarihin buhun yuriya da jarkar fetur a bodar Jibiya

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau yana da ɗan tsawo. 🧵
Cikin kayan da aka daɗe ana tsallake bodar Jibiya da su zuwa Nijar akwai jarkar fetur da buhun takin zamani. Zan ba ku tarihin abin da ke cikin buhun, da dalilin da ya sa masana ke son ƙanƙantar da masana'antarsa har ta zauna a gefen gona.

2/ Mu fara da abin da mutane da yawa ba su sani ba: yuriya daga iska ake yin ta. Ba wasa nake ba. Kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, wanda aka tsamo daga iskar da muke shaƙa. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Ragowar daga iskar gas da ruwa ya fito.

3/ Kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kaɗawa a kan gonar kowa naitirojin ne. Amma ka je ka ga masara ta yi rawaya, ta tsumbure, saboda rashin naitirojin ɗin. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Shuka tana tsaye a cikinsa dare da rana amma ba ta iya cin ko ɗigo.

4/ Dalili shi ne, a cikin iska ƙwayoyin zarrar naitirojin biyu-biyu suke tafiya, a ɗaure da juna da igiya uku. Wannan ɗauri yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a ilimin sinadarai. Sai an tsinka shi, an haɗa naitirojin da haidirojin ya zama amoniya, sannan a sami abin da za a yi taki da shi.

5/ A nan katalis yake shigowa. Ku ɗauke shi kamar dillali a kara: mai saniya da mai saye sun kasa daidaitawa, ya ja wannan gefe, ya ja wancan, ciniki ya faɗa. Bai tafi da saniyar ba, gobe ma yana nan. Katalis ma haka, yana sa sinadarai su haɗu da wuri shi kuma ba ya ƙarewa. Shi dai ko la'ada ba ya karɓa.

6/ To mu koma Jibiya. Daga Katsina ka bi ta Magama, ka tsallaka Ɗan Issa, sai Maraɗi. Ƙasa ɗaya ce a da. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ingila da Faransa ne suka ja layin, aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908.

7/ Layin ya raba hukuma, amma ƙasar noman iri ɗaya ce: jigawa mai yashi, damina gajera, gero da dawa da wake da gyaɗa. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe naitirojin. To da me kakanninmu suka ciyar da ita ɗaruruwan shekaru kafin zuwan kamfa da sufa da yuriya?

8/ Da dabaru uku. Bafulatani ya sauka da shanunsa a gona bayan girbi, su ci kara su bar kashi. Jakuna su yi ta jigilar takin gida da shara daga gari zuwa gona, abin da ya riƙe gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba hutu. Na uku kuma, wanda ya fi burge ni: wake, gyaɗa da gawo.

9/ Ka tuge wake ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. A ciki akwai ƙwayoyin bakteriya masu wani sinadari da ake kira naitirojinez. Shi ne ke tsinka igiya ukun nan, a cikin ƙasa, ba wuta ba inji. A tsakiyarsa akwai ƙwayoyin zarrar ƙarfe 7 da molibdenom 1. Katalis ne, kuma ƙanƙantarsa ta kai abin da yau ake kira nano.

10/ Gawo ma ɗan gidan su wake ne. Yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Manomi ya san geron ƙarƙashin gawo ya fi kyau tun kafin wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su gano sirrin saiwar a 1886. Kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

11/ Matsalar ita ce yawa. Wannan hanya tana ciyar da jama'a daidai gwargwado, amma ba ta iya bin gudun yawan mutane. Turai ta fara jin haka a ƙarni na 19. Tun daga shekarun 1840 jiragen ruwa suka riƙa zuwa tsibiran Peru suna kwaso kashin tsuntsaye da ya taru dubban shekaru. Cikin shekaru kusan 30 aka kusa share shi.

12/ Sai aka koma kan wani gishiri mai naitirojin da ke hamadar Atacama. A kansa Chile ta gwabza yaƙi da Peru da Bolibiya daga 1879 zuwa 1883. Chile ta ci, ta ƙwace yankin, Bolibiya ta rasa gaɓar tekunta. Har yau ba ta da mafita zuwa teku, kamar dai Nijar. Eh, saboda taki.

13/ A 1898 wani masani Bature, William Crookes, ya yi jawabi a garin Bristol na Ingila. Ya yi gargaɗin cewa in gishirin Chile ya ƙare, alkama ba za ta ishi masu cinta ba, kuma masu ilimin sinadarai ne kaɗai za su iya fitar da su, ta hanyar kamo naitirojin daga iska. Daga nan tsere ya kankama.

14/ Wani abu da ake yawan mantawa: da wutar lantarki aka fara. An lura walƙiya tana tsinka naitirojin, ruwan sama ya sauko da shi. A Norway, Birkeland da Eyde suka ƙera walƙiyar roba a cikin tanderu, da wutar da suke samu daga gangaren ruwa. A 1905 suka kafa kamfanin Norsk Hydro. Kamfanin taki na Yara daga cikinsa ya fito.

15/ Ta yi aiki, amma tana shan wuta kamar me. Ba dillali a ciki, ƙarfi ne zalla, zafin dubban digiri. Inda ba wuta mai arha ba ta biya. Ku riƙe wannan a ranku, don za mu dawo kansa: tun farkon labarin, tambayar ita ce wuta nawa za a ƙona kafin a sami kilo ɗaya na taki.

16/ A watan Yuli 1909, a garin Karlsruhe na Jamus, Fritz Haber da mataimakinsa Robert Le Rossignol suka nuna wa mutanen kamfanin BASF wata 'yar na'ura a kan tebur. An matse naitirojin da haidirojin, an zafafa, an bi da su ta kan katalis. Amoniya ta fara ɗigowa.

17/ Sai dai katalis ɗin Haber wani ƙarfe ne mai suna osmiyom, wanda ya fi zinare wuyar samu. Ba a gina masana'anta a kansa. BASF ya ɗora wa Alwin Mittasch aikin nemo mai arha. Shi da yaransa suka gwada abubuwa sama da 2,000, gwaji dubbai, ɗaya bayan ɗaya. Sunansa bai shahara ba, amma a ganina shi ne gwarzon labarin.

18/ Abin da ya ci gasar: baƙin ƙarfe. Wani dutsen tama daga Sweden ne ya ba da mamaki, da aka bincika sai aka ga 'yan gurɓace-gurɓacen da ke cikinsa ne sirrin. Ƙarfe, da ɗan alminiyom, da ɗan fotash. Fiye da shekara 100 ke nan, kuma kusan wannan haɗin ne dai ke cikin yawancin masana'antun amoniya na duniya.

19/ Carl Bosch kuma shi ya yi fama da tukunyar. Ana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500, da matsi ninki 150 zuwa 300 na matsin iskar da muke ciki. Haidirojin yana cinye ƙarfen tukunya har ta tsage. Bosch ya yi mata riga biyu, ta ciki mai laushi, ta waje mai tauri da 'yan ƙofofin shan iska.

20/ A 1913 aka buɗe masana'antar farko a Oppau. Haber ya karɓi kyautar Nobel ta 1918, Bosch a 1931. Yadda ƙarfen yake aikin kuwa, ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra, sai da Gerhard Ertl ya warware shi daga baya, ya karɓi tasa a 2007. Wato an yi shekaru ana cin moriyar dillalin ba a san yadda yake sasanta cinikin ba.

21/ Labarin yana da baƙin shafi. Amoniyar da ke zama taki ita ke zama albarushi. Da Ingila ta tare wa Jamus hanyar gishirin Chile a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wannan fasaha ce ta ba ta damar ci gaba da yaƙi. Haber da kansa ya jagoranci sakin iska mai guba a Ypres ran 22 ga Afrilu 1915.

22/ Kwana goma bayan haka matarsa Clara Immerwahr, ita ma dakta ce a ilimin sinadarai, ta kashe kanta. A 1921 rumbun taki ya fashe a Oppau, mutum sama da 500 suka mutu. Haber kuma, da yake asalinsa Bayahude ne, ya bar Jamus a 1933 bayan hawan Hitler, ya mutu a Basel shekara mai zuwa.

23/ Duk da haka, masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da abincin da aka noma da wannan taki suke rayuwa. Aikin yana lashe kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya gaba ɗaya. Ka yi tunani: aiki guda ɗaya tak a kan ƙarfe guda.

24/ Ga inda abin ya shafe mu. Saboda zafin nan da matsin nan, masana'antar ba ta biya sai ta zama ƙatuwa, ta biliyoyin daloli, kuma a kusa da bututun gas. Daga gas ake ciro haidirojin, a kan wani katalis na nikel. Iskar CO2 da ta rage a haɗa ta da amoniya, a sami yuriya. Don haka taki a bakin teku ake yin sa, noma kuma a Arewa.

25/ Najeriya ta shiga harkar a makare. A 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo ta soja, aka buɗe kamfanin sufa a Kaduna. Yuriya kuwa sai ƙarshen shekarun 1980 da NAFCON a Onne, kusa da Fatakwal. Ya yi aiki kamar shekara goma ya durƙushe, a 2005 aka sayar, ya koma Notore.

26/ A 2016 Indorama ya buɗe tasa a Eleme. A Maris 2022 aka ƙaddamar da ta Dangote a Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Yau Najeriya har Brazil da Amurka da Indiya take kai yuriya. Nijar kuwa ba ta da masana'antar yuriya ko ɗaya, duk abin da manomin Maraɗi ya zuba daga waje ya shigo.

27/ Daga Lekki ko Onne zuwa Jibiya tirela tana cin sama da kilomita 1,000. Kuɗin dizal, kuɗin shinge, ribar dila, ribar ɗan kasuwa, duk a kan buhun suke hawa. Kuma ko da a gida aka yi, farashin duniya yake bi. A 2020 tan bai kai dala 300 ba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 ya haura 800.

28/ Gwamnatoci sun yi ta gwada tallafi. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa 50 a hekta kafin 2015. A 2012 aka kawo rabon taki ta saƙon waya zamanin Akinwumi Adesina. A ƙarshen 2016 aka ƙulla da Maroko, aka yanka wa buhun kamfa naira 5,500.

29/ Amma duk abin da aka rage wa kuɗi a wannan gefen, kuma yake da tsada a wancan, sai ya nemi hanya. Ba sai an koya wa kowa ba. Bambancin naira da sefa ya ƙara wa abin armashi. Haka taki da fetur suka riƙa bin babbar hanya da rana, suna bin ɓarauniya da dare, a bayan babur da tsofaffin motoci.

30/ A Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jibiya tana ciki. Mutumin da bai taɓa fasa-ƙwauri ba ya wayi gari sai a hannun 'yan bumburutu zai sayi man injin ban ruwansa, da tsadar da ta fi ta cikin Katsina.

31/ A Disamba 2020 aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Jibiya sai Afrilu 2022. Ba a gama murna ba aka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufewa, aka yanke wa Nijar wuta. Sai Maris 2024 aka buɗe. Damina kuma ba ta jiran a gama taro a Abuja.

32/ Abin da nake so ku gani ke nan. Manomin da ke noman rani a bakin dam ɗin Jibiya, da ɗan'uwansa na Madarumfa, naitirojin yana bisa kansu kyauta. Amma kafin ya shiga gonarsu sai ya bi ta Legas, ta farashin dala, ta sa hannun wani a ofis. Wanda ke da katalis da tukunya shi ke da iskar.

33/ Jarkar ma tana da irin nata tarihin. A 1925 Franz Fischer da Hans Tropsch a Jamus suka gano yadda za a mayar da gas ya zama mai na ruwa a kan katalis na ƙarfe ko kobal. Afirka ta Kudu ta kafa Sasol a 1950, ta yi ta yin mai daga kwal, abin da ya taimaka wa gwamnatin wariya jure takunkumi.

34/ Mu ma muna da irinta: masana'antar Escravos a jihar Delta, ta Chevron da NNPC, da ta fara aiki a 2014 tana mayar da gas dizal. Nijar kuma ta buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011. Duka dai tsari ɗaya ne, ƙaton wuri guda, sannan tankoki su yi ta zirga-zirga.

35/ To yanzu ga sabon babi. Masana suna tambaya: maimakon zafi da matsi, me zai hana a tura cinikin da wutar lantarki kai tsaye? Akwati mai faranti biyu kamar batir, ruwa a ciki, a hura iska ta gefe ɗaya, a jona da sola. A jikin farantin kuma a shafa katalis. In ya yiwu, babu buƙatar bututun gas ko tukunyar Bosch.

36/ Wanda ya buɗe ƙofar ɓangaren mai shi ne Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan, a 1985. Ya gwada ƙarafa iri-iri da iskar CO2. Zinare da azurfa suka ba da iskar CO. Dalma da kuza suka ba da wani asid. Jan ƙarfe ne kaɗai ya ba da methane da ethylene, wato gas ɗin ƙonawa da uwar roba.

37/ Ina nano ya shigo? Nanomita ɗaya shi ne mita a raba ta gida biliyan. Kaurin gashin kanka ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye. Katalis kuma a fatarsa kawai yake aiki, abin da ke cikin ƙarfen zaman banza yake. Kamar kanwa ce, dunƙule ya daɗe bai narke ba, dakakkiya nan take. Ka niƙa ƙarfe ya koma nano, kusan duk jikinsa ya zama fata.

38/ Abin bai tsaya a yawan fata ba, hali ma yana canzawa. Zinare an san shi da rashin shiga harkar kowane sinadari, shi ya sa ba ya tsatsa. A 1987 Masatake Haruta ya nuna cewa in aka mai da shi ƙwayoyi 'yan nanomita kaɗan, sai ya zama katalis mai zafin nama. Lungu da saƙo da kaifin ƙwayar su ne wurin cinikin.

39/ Daga nan aka shiga sassaƙa jan ƙarfe. A Stanford, rukunin Matthew Kanan ya nuna a 2012 da 2014 cewa jan ƙarfen da aka sa ya yi tsatsa sannan aka dawo da shi ya fi aiki. A 2016 a cibiyar Oak Ridge ta Amurka aka ɗora ƙwayoyinsa a kan 'yan ƙayoyin kabon, kashi 63 cikin 100 na wutar ya tafi wajen yin ethanol.

40/ A 2020 wani rukuni a Jami'ar Hunan ta ƙasar Sin ya ba da rahoton haɗa naitirojin da CO2 a cikin ruwa su zama yuriya kai tsaye, da ƙwayoyin faladiyom da jan ƙarfe. Yuriya daga iska biyu da wuta, a zafin ɗaki. Amma kada ku yi saurin tafi. Abin da aka samu ɗan mitsitsi ne, sai da na'ura ake gane shi.

41/ Wannan ɓangaren ku karanta shi da kyau, musamman masu tura mana bidiyon "an gano". Shekaru aka yi ana buga takardu ɗaruruwa, kowa na cewa katalis ɗinsa ya yi amoniya daga iska. A 2019 rukunin Ib Chorkendorff na Denmark da abokan aikinsu suka sake gwajin da wani naitirojin mai alama, wanda za a iya bin sawunsa.

42/ Sakamakon da suka buga a mujallar Nature ya girgiza fagen. Katalis ɗin da suka gwada a cikin ruwa ba su yi amoniya ba. Wadda ake aunawa ta gurɓata ce: daga iskar ɗaki, daga numfashin mai gwajin, daga safar hannu, daga kwalbar gas ɗin kanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

43/ Hanya ɗaya ce ta tsallake jarrabawar, ta litiyom, ƙarfen batirin wayarka, wanda ake haƙa yanzu a Nasarawa. Shi yana iya tsinka igiya ukun a zafin ɗaki. A 2022 rukunin Douglas MacFarlane da Alexandr Simonov a Jami'ar Monash ta Ostareliya ya kai kusan kashi 100 na wutar tana tafiya ga amoniya.

44/ Saura me? Har yanzu hanyar litiyom ta fi ta Haber da Bosch cin makamashi nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin nano kuma suna da halin dunƙulewa su koma manya, ko datti ya toshe su. A ɗakin gwaji ana murna da awa ɗari. Ƙarfen Mittasch yana yin shekara goma ko fiye a cikin tukunya ba a taɓa shi ba.

45/ Ɓangaren mai ma haka. A Disamba 2022 aka buɗe Haru Oni a kudancin Chile, da kuɗin Porsche a ciki, inda ake yin fetur daga wutar iska, ruwa da CO2. An tsara matakin farko a kan lita 130,000 a shekara. Tankar mai lita 33,000 guda huɗu ke nan. A shekara fa. Don haka jarka tana nan tukuna.

46/ Abin da ya fi kusa da mu shi ne rabi da rabi: a fasa ruwa da lantarki a sami haidirojin, sannan a ba ƙaramar tukunyar Haber. Wannan ma ba sabo ba ne a Afirka. Kamfanin KIMA a Aswan ta Masar ya fara haka a 1960 da wutar dam. Sable a Kwekwe ta Zimbabwe ya yi daga shekarun 1970 har 2015.

47/ Arhar gas ce ta kashe waccan hanya, arhar sola ke dawo da ita. A 2023 kamfanin Talus ya kafa wa Kenya Nut wata 'yar masana'anta a Naivasha, girman kwantena, tana ba da kamar tan 1 na amoniya a rana da wutar sola, a cikin gonar da za a yi amfani da ita. Dabarar walƙiyar Birkeland ma wasu sun farfaɗo da ita.

48/ Bari mu yi lissafin bayan ambulan. Tan ɗaya na amoniya ta wannan hanya yana cin wuta wajen yunit 10,000. Buhun yuriya yana buƙatar kilo 28 na amoniya, wato yunit 280. Farantin sola mai wat 300 a ranar Katsina yana ba da kamar yunit ɗaya da rabi a wuni. Faranti ɗaya: wata shida, buhu ɗaya. Faranti 100: kwana biyu.

49/ Kun ga ba tatsuniya ba ce, kuma ba abin da mutum ɗaya zai ajiye a bayan ɗaki ba ne. Aikin ƙungiyar manoma ne ko ƙaramar hukuma. Ga kuma wasu sharuɗɗa: ruwa mai tsabta, mai gyara a kusa, tsaro a yankin da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona. Amoniya kanta guba ce, ba a zuba ta da hannu kamar yuriya.

50/ Ni abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne, duk lokacin da fasahar ta canza, mai riƙe da katalis shi ke yanka farashi. Kamfanoni 'yan ƙalilan ke yin na amoniya a duniya, irin su Topsoe da Clariant. In kwantenar ta iso Jibiya amma farantin cikinta sai an yi odarsa da dala duk shekara, dillali kawai muka sauya.

51/ Shi ya sa nake kallon ɗaliban kimiyyarmu na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, Dutsin-Ma, Bayero, ABU da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Ba sai ka ƙirƙiro sabon ƙarfe ba. Wa zai auna yadda na'urar ke jure ƙurar hunturu da zafin Afrilu? Wa zai gwada ta da ruwan rijiyarmu? Wannan ba wanda zai zo daga Denmark ya yi mana.

52/ Kafin nan, katalis ɗin da muke da shi a hannu kada a raina shi. Daga 1983 Tony Rinaudo da manoman jihar Maraɗi suka koma barin kututture ya tofo a gona maimakon sarewa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, gawo da yawa a ciki. Tsallaken bodar nan ne fa, ba wata duniya ba.

53/ Gawo da wake ba za su maye gurbin yuriya ga mai masara ko shinkafa ba, kada wani ya ce na faɗa. Amma duk kilon da saiwa ta kamo, kilo ne da rufe boda ko tashin dala ba su isa su taɓa ba. Ka sa wake a tsakanin gero, ka bar gawon da ya tofo, buhun da ka saya ya ƙara nisa.

54/ In ka ga labarin sabon katalis da "zai kawo ƙarshen tsadar taki", yi masa tambaya huɗu. An gwada shi da naitirojin mai alama? Awa nawa ya yi yana aiki? Yunit nawa na wuta a kilo? Giram aka samu ko tan? In ba amsa, wuce abinka.

55/ Nan zan tsaya. 'Yan Jibiya, Batsari, Kaita, Ɗan Issa, Madarumfa da Maraɗi, ku faɗa mana a ƙasa: nawa kuka sayi buhun yuriya a bana, da naira ko da sefa, kuma a wace kasuwa? Ina so mu jera farashin gefe biyun mu gani. Wanda ke da ƙani mai karanta kimiyya kuma ya tura masa zaren.